Fashaga: abin ci, abin sha da abin gani a ƙasar riɗin Gadarif

A Faransa akwai yankunan da sunansu ya zama sunan abin da suke nomawa. In an ce Bordeaux ko Champagne, kowa ya san giyar inabi ake nufi, kuma baƙi kan je can lokacin tsinkar inabi su zaga gonaki, su ɗanɗana girkin wurin. A gabashin Sudan ma akwai yankin da ya yi irin wannan suna a kasuwar duniya, sai dai shi da riɗi ya yi nasa. Dillalai daga Chaina, Turkiyya da ƙasashen Larabawa na neman farin riɗin Gadarif da sunansa, kamar yadda suke neman na Humera, garin Habasha da ke tsallaken iyaka. Tsakanin waɗannan garuruwa biyu Fashaga take, kuma albarkar ƙasarta ce ta sa Sudan da Habasha suka fi shekara ɗari suna ja-in-ja a kanta.

Babu garkar inabi a Fashaga, babu kuma masaukin ƴan yawon buɗe ido. Amma ga manomin riɗi na Maraɗi ko na Jigawa, ga ɗan kasuwa, ga wanda ke da dangi cikin Hausawan Sudan, wuri ne da ya cancanci a san shi: abin da ake ci, abin da ake sha, inda ake zuwa, da kuma inda ba a zuwa.

Inda take

Fashaga na gabashin jihar Gadarif, a kan iyakar Sudan da Habasha, ba nisa da inda iyakar Eritiriya ta haɗu da su. Koguna uku ne suka tsaga ta, dukansu daga tsaunukan Habasha suke gangarowa: Atbara, da Setit wanda mutanen Habasha ke kira Tekeze, da Basalam wanda suke kira Angereb. Ɓangaren arewa, tsakanin Setit da Basalam, shi ake kira Babbar Fashaga. Na kudu da Basalam kuwa Ƙaramar Fashaga. Hedikwatar ƙaramar hukumar ita ce Shuwak, gari a gaɓar Atbara, a kan babbar hanyar da ta haɗa Gadarif da Kassala, tafiyar kimanin awa guda a mota daga birnin Gadarif.

Yanayin kogunan nan na da muhimmanci ga fahimtar duk abin da zai biyo baya. Wanda ya fito daga cikin Sudan dole ne ya ƙetare Atbara kafin ya shiga tsakiyar Fashaga, kuma da damina kogin kan cika ya tumbatsa. Wanda ya fito daga Habasha kuwa fili ne shimfiɗe a gabansa. Shekaru da yawa, da zarar ruwa ya sauka, yankin kan yanke daga sauran Sudan na tsawon watanni, alhali ƙofarsa ta gabas a buɗe take.

Ƙasar baƙar laka ce, irin wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafa ta iya faɗawa cikin tsaga, da damina kuma ta riƙe ruwa ta zama taɓo mai kama tayar mota. Ruwan sama na sauka daga Yuni zuwa Oktoba, kuma yana ƙaruwa in an nufi kudu. Da wannan ruwa kaɗai ake noman dawa, riɗi, auduga da furen rana, ba tare da ban ruwa ba.

Lokacin zuwa

Mutanen Sudan na yabon Gadarif da damina, lokacin da fili kan zama kore shar har iya ganin ido, bukkokin ciyawa masu tsinin kai da ake kira gutiyya suna tsaye a tsakiya. Kyau kam akwai shi, amma in aka bar kwalta tafiya ta ƙare, sai tarakta. Lokacin da ya fi dacewa da baƙo shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Farkon wannan lokaci shi ne kakarsu, wadda suke kira darat: ana yankan riɗi, dawa na nuna, kasuwa na cika. Daga Disamba iska kan yi sanyi-sanyi da dare, hanyoyin ƙasa sun bushe, makiyaya masu raƙuma da tumaki sun dawo daga filin Butana suna kiwo a kan karan gonaki. Daga Maris kuwa zafi ne mai tsanani, tare da wata matsalar lafiya da za a ambata a ƙasa.

Riɗi, daga gona zuwa kwalba

Noman injina a wannan jiha ya fara ne a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila suka buɗe manyan gonakin dawa a Gadambaliya, kusa da Gadarif, don ciyar da sojojinsu na gabashin Afirka. Bayan samun ƴancin kai a 1956 ƴan kasuwa suka shiga harkar, a 1968 kuma gwamnati ta kafa hukumar noman injina da ke raba filaye. Ma'aunin gona a nan shi ne fadan, wanda bai kai rabin hekta ba, kuma gona guda kan kai fadan 1,000 ko fiye. Wanda ya saba da gonar gado ta gida zai sha mamaki in ya ga layin dawa da ba a hango ƙarshensa.

Tarakta ke huɗa, ita ke shuka, amma yankan riɗi har yanzu akasari aikin hannu ne, kuma aikin gaggawa. Duk manomin riɗi ya san dalili: in kwanson ya bushe a tsaye sai ya fashe, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar shekara ta tafi a banza. Kwanaki kaɗan ne tsakanin nuna da asara. Shi ya sa a watan Oktoba dubban ƴan ƙwadago kan kwararo, da yawansu daga yankunan Amhara da Tigray na Habasha, suna yanka da lauje, suna ɗaure dammuna, suna jingina su a tsaye cikin tarin da ake kira hilla, wanda da shi ake lissafin ladan aiki. Bayan ya bushe sai a kifa dammunan a kan shimfiɗa a kakkaɓe. Duk shekarar da aka rufe iyaka, farashin ƙwadago kan hau, wani riɗin ma a gona yake lalacewa. A nan ake ganin yadda ƙasashen biyu ke buƙatar juna duk da rigimarsu.

Daga gona sai kasuwar amfanin gona ta Gadarif, wadda ke cikin mafi girma a Sudan. Ana sayar da riɗi ta hanyar gwanjo, a ma'aunin ƙinɗari, kuma farashin da aka yanke a nan shi ke jan na sauran kasuwannin ƙasar. Yawancinsa kan bi hanyar Port Sudan zuwa jiragen ruwa. Babban rumbun hatsi na siminti da aka gina a shekarun 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyet shi ne abin da matafiyi ke fara hangowa kafin ya shiga gari. Garin kansa da kasuwa ya fara: tsohon sunansa Suk Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, gidan sarautar ƙabilar Shukriyya.

Abin da ya fi jan hankalin baƙo shi ne matsar mai ta raƙumi, wadda ake kira assara. Babban turmi ne da aka sassaƙa daga kututturen itace, da taɓarya mai nauyi a ciki, an ɗaura ta da doguwar sanda a jikin raƙumi. Ana rufe wa raƙumin ido, ya yi ta kewaya turmin na tsawon awanni har man ya taso. Injinan zamani sun fi sauri nesa ba kusa ba, amma masu abin na cewa man raƙumi ya fi ƙamshi domin ba ya ɗaukar zafi, kuma suna biyan kuɗi fiye a kansa. Tunkuzar da ta rage, umbaz, abincin dabbobi ce. Ana cin man riɗi ɗanye a kan wake, ana shafa wa jarirai da masu mura, ana kuma yin tahniyya, alewar niƙaƙƙen riɗi da sukari, ƴar'uwar kantun riɗi na ƙasar Hausa, sai dai ta fi laushi.

Abin da ke kan tire

Bahaushe ba zai yi baƙunta sosai a gaban abincin Gadarif ba, domin dawa ce tushensa. Asida tuwo ce, illa dai ƙullunta kan ɗan yi tsami kuma ta fi tuwon gida laushi. Kisra kuwa ƙullun dawa ne mai tsami da ake shimfiɗawa siriri kamar takarda a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a ɗaga shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Miya ita ce mulah, kuma ginshiƙinta weka, wato garin busasshiyar kuɓewa. In an haɗa ta da garin busasshen nama, albasa da tumatir, ta zama tagaliyya. In da nono mai tsami aka yi, mulah rob ke nan. A sansanonin ƴan ƙwadago, inda nama ke da tsada, busasshen kifi da ake kira kajek shi ke ba miya ɗanɗano.

Babban abincin safe, fatur, ba a cinsa sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, kuma a kasuwa yawanci ful ne: dafaffen babban wake da aka daddanna, aka zuba masa man riɗi, albasa, wani lokaci da farin cuku, a ci da burodi. Ana kawo komai a kan babban tire guda, a kewaye shi, a ci da hannun dama. Wanda ya zo wucewa za a kira shi, kuma ƙin zama ko da na loma biyu ne ba ya yi wa mai kira daɗi. Da azumi abin ya fi haka: mutanen ƙauyukan bakin hanya kan shimfiɗa tabarmi a waje, su tare motoci dab da magariba, su matsa wa matafiya sai sun sauka sun sha ruwa.

Wasu sunaye za su sa Bahaushe murmushi. Akwai gurrasa, faffaɗar wainar alkama mai kauri, wadda ba ta da nisa da gurasar Kano. Akwai dakwa, wadda a nan niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da ake dama wa salak ɗin tumatir ko a haɗa da barkono da lemun tsami, ba dunƙulen daƙuwa ba.

Maƙwabta ma sun sa hannu. Daga Habasha da Eritiriya aka samo injera da zigni, miyar nama mai jan yaji, kuma a Gadarif da Gallabat ba a rasa gidajen da ke sayar da su. Daga ƙabilun Beja na gabas aka samo salat, naman rago da ake gasawa a kan duwatsun da aka jera bisa garwashi har suka yi zafi.

Hannun Hausawa a ciki

Da yamma, a bakin kasuwa ko tasha, za a ga mai nama ya kafa tsinkaye kewaye da wuta, ya barbaɗe naman da garin ƙuli da yaji. Sunan abin a duk faɗin Sudan agashe, kuma kowa ya san daga Hausawa ya fito. Tsire ne, ba ƙari ba ragi, ana ba da shi da albasa da lemun tsami. Haka nan godo-godo, haɗin gero da nono mai kama da fura, wanda matan Hausawa ke sayarwa, ya shiga bakin sauran ƙabilu.

Zuwan Hausawa, Fulani da Barebari wannan yanki ya samo asali ne daga hanyar aikin hajji ta ƙasa. Mahajjaci kan yi shekaru a hanya, yana tsayawa yana noma don ya tara guzuri, wasu kuma inda suka tsaya nan suka zauna. Babbar ƙaura ta zo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Daga baya zuriyarsu da waɗanda suka biyo sahu suka bazu a gaɓar kogunan Dinder, Rahad, Atbara da Setit. Sana'o'in da aka san su da su a nan su ne su da kuma noman bakin kogi bayan ruwa ya janye, inda suke shuka albasa, kuɓewa, tumatir da kabewa. Kifin da ake soyawa a Shuwak, karfasa da suke kira bulti, tarwaɗa da suke kira garmut, da giwan ruwa, sau da yawa daga komar Bahaushe ya fito.

Baƙo daga Nijar ko Najeriya zai ji Hausa a kasuwa, mai gauraye da Larabci, da wasu tsofaffin kalmomi da aka daina ji a gida. Abu guda ya kamata ya kiyaye. Waɗannan mutane ƴan Sudan ne, kakanninsu a can aka binne su, kuma sun daɗe suna fama da masu yi musu kallon baƙi. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya ci rayuka da yawa kuma ya jawo zanga-zangar Hausawa a Gadarif da Kassala, kan batun ƙasa da sarauta ya tashi. Sunayen Fallata da Takari da ake kiransu da su ba kowa ke jin daɗinsu ba. Tambayar mutum yaushe zai koma gida, ko da da wasa ne, ba ta da kyau.

Abin sha, da maganar giya

Abin da ke tara mutane a gabashin Sudan shi ne jabana, gahawa da ake soya ƙwayarta a gaban baƙo, a daka a ƙaramin turmi da citta, a dafa a ƴar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, a tsiyaya cikin ƙananan finjalai masu yawan sukari. Ana ƙona turaren wuta, wani lokaci a kawo gugguru. Ba a shan finjali ɗaya a tashi, domin zama ne na hira, kuma yawancin cinikin riɗi da na dabbobi a irin wannan zama ake ƙulla shi. A kowace kusurwa kuma akwai mata masu shayi da ƴan kujerunsu, waɗanda suka fi kowa sanin motar da za ta tashi da hanyar da ta lalace.

Abin sha mai sanyi kusan duk na itatuwan da Bahaushe ya sani ne: karkade shi ne zoɓo, aradeb tsamiya, gongoles ƴaƴan kuka, dom goruba. Na azumi na musamman shi ne hilu-mur, ma'anarsa zaƙi da ɗaci, wanda ake yi da tsiron dawa da kayan ƙamshi, a gasa shi falle-falle, a jiƙa in za a sha.

Giya kuwa haramtacciya ce a dokar Sudan tun Satumban 1983, lokacin da shugaba Jaafar Nimeiri ya ƙaddamar da dokokin shari'a, aka zubar da kwalabe a kogin Nilu a Khartum. Gyaran dokar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi a Yulin 2020 ya sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, amma haramcin na nan a kan Musulmi, kuma babu mashaya a fili. Ana dafa marisa, irin burkutun dawa, da aragi na dabino a ɓoye, wanda kuma aka kama ya gamu da hukuma. Tsallaken iyaka, a Metema da Humera, ana sayar da tej, giyar zuma ta Habasha, a fili. Giyar inabi ta Habasha kuwa daga can kudu da Addis Ababa take fitowa, inda kamfanin Castel na Faransa ya kafa garka kusa da Ziway, tafiyar kwanaki daga Fashaga. Shigo da kwalba ta Gallabat neman fitina ne kawai.

Wuraren gani

Mafi girman abin da hannun mutum ya gina a yankin shi ne tagwayen madatsun ruwa na Rumela a kan Atbara da Burdana a kan Setit, sama kaɗan da mahaɗar kogunan biyu. Kamfanonin Chaina ne suka gina su, aka ƙaddamar da tashar lantarkinsu mai ƙarfin megawat 320 a 2017. Tafkinsu ya haɗe ya zama ɗaya, ya kawo kifi da tsuntsayen ruwa, ya kuma haɗiye ƙauyuka da gonakin bakin kogi. An kwashe dubban mutane zuwa sabbin garuruwa masu lamba a maimakon suna. Wurin na ƙarƙashin tsaron soja, ba a ɗaukar hoto sai da izini. Abin takaici shi ne birnin Gadarif, wanda aka yi wa alkawarin ruwan famfo daga wannan tafki, ya ci gaba da shan wahalar ruwa shekaru bayan an gama ginin.

Gaɓar kogunan kanta abin kallo ce. Fili na tafiya sumul, sai kwatsam ƙasa ta karye ta zama kwazazzabai da ƴan tuddai da ruwa ya zaizaye, waɗanda ake kira karab, kogin na can ƙasa. Baturen Ingila Samuel Baker ya yi daminar 1861 a ƙauyen Sofi da ke gaɓar Atbara, ya kuma ba da labarin yadda busasshen kogin ya cika cikin dare ɗaya a watan Yuni, da yadda maharban ƙabilar Hamran ke farautar giwa da takobi a kan doki. Giwayen sun ƙare a nan tuntuni. Mai son namun daji sai ya nufi gandun Dinder, can kudu maso yamma, wanda aka kafa a 1935, kuma da rani kaɗai ake shigarsa.

Ga mai sha'awar tarihi, Gallabat ce wurin zuwa, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas da Gadarif a kan kwalta. Ba ta cikin Fashaga kanta, amma ita ce babbar ƙofar iyakar. Ƙaramin rafi ne ya raba ta da Metema ta Habasha. Takarir, wato mahajjatan da suka fito daga Darfur da ƙasashen yamma da ita, su ne suka raya garin, har suna da shehunsu da ke karɓar kuɗin kasuwa. A nan ne a watan Maris na 1889 dakarun Mahadi ƙarƙashin Zaki Tamal suka gwabza da rundunar Habasha, aka harbi sarki Yohannes na Huɗu, ya mutu, rundunarsa ta watse bayan ta kusa cin nasara. A Nuwamban 1940 kuma sojojin Birtaniya ƙarƙashin William Slim suka kai wa Italiyawa hari a ganuwar da ke kan tudun garin. Yau abin da ya fi yawa a Gallabat shi ne manyan motoci, ƴan canji da buhunan gahawa.

Wanda ya samu ƙarin kwana biyu, Kassala na arewa a kan hanya guda, da duwatsun Taka masu santsi da masallacin Khatmiyya a gindinsu.

Rigimar da ke ƙarƙashin gonakin

Iyakar ta samo asali daga yarjejeniyar 1902 tsakanin Birtaniya, mai mulkin Sudan a lokacin, da sarki Menelik na Biyu. A 1903 wani hafsan Birtaniya, Charles Gwynn, ya bi ya kafa alamomi, ya sa Fashaga a ɓangaren Sudan. Habasha na cewa shi kaɗai ya yi aikin, ba da wakilanta ba. Sudan na cewa gwamnatocin Habasha sun amince da layin daga baya, musamman a musayar takardu ta 1972. Ana cikin haka manoman Habasha suka yi ta shigowa ta buɗaɗɗiyar ƙofar gabas, abin ya ƙaru bayan 1995, lokacin da dangantakar ƙasashen ta lalace sakamakon yunƙurin kashe shugaban Masar Hosni Mubarak a Addis Ababa. Manoman Sudan da yawa sun rasa gonakinsu, wasu kuma suka ba da haya. A 2008 gwamnatocin Omar al-Bashir da Meles Zenawi suka cimma wata fahimta: Habasha ta yarda da iyakar, Sudan ta bar manoman Habasha su ci gaba da noma.

Wannan fahimta ta rushe a ƙarshen 2020. Da yaƙin Tigray ya ɓarke a Nuwamba, sojojin Sudan suka shiga suka karɓe mafi yawan yankin, aka kori manoman Habasha da dama, wasunsu sun shekara fiye da ashirin a wurin. Sojojin sun shiga gina hanyoyi da gadoji, ciki har da gadar Wad Koli a kan Atbara da aka buɗe a 2021, don kada damina ta sake yanke yankin. A daidai lokacin kuma dubun-dubatar ƴan gudun hijirar Tigray suka ƙetaro ta Hamdayet da Ƙauye na 8, aka kai su sansanonin Um Rakuba da Tunaydba. A Yunin 2022 Sudan ta zargi sojojin Habasha da kashe sojojinta bakwai da farar hula ɗaya da aka kama. Habasha ta musanta, ta ɗora laifin kan mayaƙan sa-kai. Ganawar Janar Abdel Fattah al-Burhan da firaminista Abiy Ahmed a Nairobi cikin watan Yuli ta kwantar da ƙurar, amma ba a sake shata iyakar ba.

Kowane ɓangare na da manomin da zai nuna gona ya ce tasa ce, ya kuma kawo shekarun da ya yi yana nomanta. Baƙon da aka zauna shan jabana da shi zai ji labarin ɓangare ɗaya, kuma ya fi masa alheri ya saurara kawai.

Kafin a ɗaura kaya

Tun 15 ga Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi tsakanin soja da dakarun RSF. Jihar Gadarif ta kasance a hannun soja, amma ta karɓi ɗimbin mutanen da suka gudo daga Khartum, Wad Madani da Sennar, makarantu suka zama masauki, kuɗin haya ya hau, an kuma samu ɓarkewar kwalara tun daga 2023. Tsallaken iyaka ma yankin Amhara na fama da faɗa tsakanin gwamnati da mayaƙan Fano, abin da ke sa a rufe mashigar Gallabat lokaci-lokaci. Yawon shaƙatawa ba shi da wuri a irin wannan hali. Masu zuwa yanzu ƴan kasuwa ne, ma'aikatan agaji da masu ziyarar dangi.

Su ma akwai ƙa'idojin da ba sa tsallakewa. Baƙo na buƙatar biza, rajista da hukuma, da takardar izinin zirga-zirga, kuma shingayen bincike na da yawa. Gabas da kogin Atbara yanki ne na soja, ba a shiga sai da izini da ɗan gari. Ƴan bindigar da ake kira shifta kan sace mutane don kuɗin fansa, su kore dabbobi, musamman lokacin shuka da lokacin girbi, wato daidai lokacin da gonaki suka fi kyan gani. Ba a tafiyar dare. Katin banki na waje ba ya aiki, sai tsabar kuɗi ko manhajar bankin cikin gida.

Sai maganar lafiya. Ban da zazzaɓin cizon sauro, jihar Gadarif na cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi yawa a duniya. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke yaɗa ta, wanda ke zama a tsagar baƙar laka da dazukan aduwa da na itacen ƙaro da suke kira talh, yana cizo daga faɗuwar rana, ya fi yawa daga Maris zuwa Yuni. Alamunta zazzaɓi mai daɗewa, rama da kumburin saifa, kuma takan ɗauki watanni kafin ta bayyana. Tana kisa in ba a yi magani ba, amma tana warkewa in an gano ta. Ƙudan ya fi sauro ƙanƙanta, don haka gidan sauro mai ƙananan ƙofofi kuma mai magani ake buƙata. Wanda ya koma Maraɗi ko Kano ya kama zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ya gaya wa likita cewa ya je Gadarif, ya kuma faɗi watan da ya je.